DAGA TSAKAR GIDA: Yaranmu na buga ƙwallo, awaki ne 'yan kallo

Na san akwai wadda za ta ga kan maganar yau ta taɓe baki ta ce, "Ƙwallo kuma? Ina ruwan biri da gada?" Ki ɗan yi haƙuri ki biyo ni, 'yar uwa. Ni ma har watan jiya haka nake cewa.

Suna ne ya kai ni gida, ƙauyenmu da ke ƙasar Dambatta. Washegarin suna, ranar Asabar, muna tsakar gida ana rabon nama, sai ga ɗan yayana ya shigo ya durƙusa. Shekararsa 17. Na ga yana ta sosa ƙeya, na ce a raina wannan kuɗin jesi yake so. Har na fara laluben jaka, sai ya ce, "Gwaggo, ba kuɗi ba ne. Yau da la'asar muna da wasa da baƙi. So nake ki zo ki gan mu."

Na ce, "Ni? A filin ƙwallo? Ina mazan garin?"

Ya ce, "Ai ba sa zuwa."

Yadda ya faɗi maganar ne ya sa na yafa mayafi bayan la'asar, na ja yara biyu, muka tsaya can nesa a gindin ɗorawar da ke gefen filin firamare. Na ƙirga waɗanda suka zo kallo: mutum 14, har da mai rake da wasu yara da suka zo kiwo. Awakin da ke tsintar ganyen wake a bayan raga sun fi mu yawa. Yaran nan sun zuba farin toka sun shata layi, sun ɗinke ragarsu da igiyar buhu, sun yi wasa tsakaninsu da Allah har suka ci baƙin 2 da 1. Da ƙwallo ta biyu ta shiga, wanda ya ci ya ruga da gudu zuwa gefen fili, hannu a buɗe, kamar yadda yake gani a talabijin. Bai tarar da kowa a wurin ba. Sai ya yi turus, ya juya ya koma.

A hanyarmu ta komawa muka bi ta bakin titi. Rumfar gidan kallo ta cika ta batse, janareto na ta ƙugi, babura da kekuna ba masaka tsinke. Muna gilmawa aka ɗauki ihu kamar rumfar za ta tashi sama. Wani ne ya ci ƙwallo a Ingila. Wanda ba su taɓa gani ba, bai san akwai garinsu a duniya ba, kuma kuɗi suka biya suka shiga.

Abin da ya hana ni barci a daren nan ba tausayin yaron kaɗai ba ne. Maganar fili ce. Duk wadda ta tashi a Dambatta ko Bichi ko Minjibir ko Dawakin Tofa ta san yadda ƙasa take a wajenmu. Ba a barin gona ta huta, ba saura, ba daji. Gero da dawa da wake da gyaɗa har bakin katangar gida, kowace shekara, da ƙarfin takin dabbobi da shara. Tun shekarun 1960 wani Bature masani, Michael Mortimore, ya yi ta nazarin yadda mutanen kewayen Kano suke ci da kansu a kan ɗan wannan taƙi na ƙasa. To a irin wannan wuri, fili mai faɗin filin ƙwallo da ba a shuka komai a kansa abin sa ido ne. A garinmu kowace damina sai kunyar maƙwabta ta ɗan matso ciki, taku ɗaya, taku biyu. Yanzu kuma yayana ya ce min ana ta ƙus-ƙus ɗin yanka gefen titi a yi shaguna. In maganar ta je gaban dagaci, wa zai tashi ya ce a bar wa yara? Filin da mutum 14 ke zuwa ba shi da mai kare shi. Kuma ranar da aka rasa shi, samarin nan 20 da wani abu ba gida za su dawo su zauna kusa da mu ba. Kun san inda majalisar yamma take kai yaro a wannan zamani na ƙwaya da cacar waya.

Da na zauna da yaran da kocinsu a zaure (wani malamin makaranta ne, ba ko sisi yake samu ba), na tambaye su me suke gani zai kawo mutane. Baki ɗaya suka ce, "Mu samu babban mutum." Ban ga laifinsu ba, don misalin na nan kusa da su. A 2024 Sanata Barau Jibrin, mai wakiltar Kano ta Arewa, ya kafa Barau FC. Ƙungiyar ta buga wasanninta na gida a Dambatta tana rukuni na biyu, kuma a 2025, cikin kaka ɗaya, ta haye gasar Firimiyar Najeriya, inda Kano Pillars take. Wasu daga cikin yaran namu sun sha hawa babur su je Dambatta kallo, sun ga yadda gari ke cika in akwai wasa. Abin alfahari ne ga yankin, ba musu. Amma na ce musu, ku duba da kyau. Ƙauyuka nawa ne a Kano ta Arewa, sanata nawa ne? Kuma da ƙungiyar ta girma, manyan wasanninta birni suka koma, filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Haka abin yake, babba wurin manya yake tafiya. Wadda za ta zauna da mu rani da damina ita ce wannan mai ragar igiyar buhu.

Na kuma tuna musu da Raccah Rovers ta Kano, wadda ta ci gasar ƙasa a 1978. Ko ɗaya a cikinsu bai taɓa jin sunan ba. Ita kuwa Pillars, da aka kafa a 1990, ta ci gasar sau huɗu, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, amma ko a 2022 da ta faɗo ƙasa, masu cewa "Sai Masu Gida" ba su watse ba, har ta dawo a 2023. Uba ya kai ɗansa, ɗan ya girma ya kai nasa. Har ƙungiyoyin da ake yi wa ihu a gidan kallo da haka suka fara. Manchester United ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka haɗa ta a 1878, Arsenal kuma ma'aikatan wata masana'antar makamai a 1886. Maƙwabta da 'yan uwa ne 'yan kallonsu na farko.

Daga nan na yi abin da su ba za su iya yi ba: na shiga gidaje. Kwana biyu ina zaga dangi da sunan sallama, ina sako zancen. Abin da na ji shi ne dalilin rubutun nan, domin na gane cewa rabin masu hana filin nan cika mu ne, muna zaune a ɗaki.

Wata matar kawuna ta ce, "Ni na hana nawa zuwa. Bara da aka yi wasa da 'yan ƙetaren rafi, da jini a riga ya dawo." Wata ta ce ashar ɗin da ɗanta mai shekara 8 ya kwaso a bakin fili sai da ta yi sati tana kankare shi daga bakinsa. Wata kuma ta ce ita ba ruwanta da faɗansu, magariba ce matsalarta: ana kiran salla suna can suna jayayya da alƙalin wasa, yaro ya shigo gida bayan duhu, ba wanka, ba salla, dabbobi ba a ba su harawa ba. Malamin Islamiyya ma, aka ce min, ya sha yin wa'azi a kai, don duk ranar wasa ajinsa rabi ne.

Ban ga wadda ta faɗi ƙarya a cikinsu ba. Kuma ba ƙauye kaɗai ke fama da wannan ba. A 2022, a wasan Pillars da Katsina United a Kano, rikici ya kai har aka farfasa motar baƙi, hukumar gasar ta ci ƙungiyar tara. Uwar da ta ji wannan a rediyo, me zai sa ta ce wa ɗanta "je ka kallo"? Amma ku lura da abu ɗaya. Yaro ɗan shekara 10 ba ya fita sai da izinin uwarsa. Idan ya je, ƙannensa biyu na biye da shi. Idan yara suka cika fili, mai rake da mai awara za su zo. Uban da aka aika ya kira su gida zai tsaya ya ga yadda za ta kaya. Dattijon da ke kan hanyar masallaci zai ja burki. Taro a ƙauye daga yara yake farawa, makullin yara kuma a bakin zaninmu yake.

Na koma zaure na faɗa wa koci haka, ban rage ba. Na ce, Malam, kafin ka nemi allon sanarwa ko lasifika, gyara ranar wasa tukuna. Wa ya ce lallai sai Asabar ko Lahadi? Asabar da yamma lokacin wasan Ingila ne, ba za ka ja da Arsenal ka yi nasara ba. Lahadi kasuwar Dambatta ke ci, rabin mazan gari suna can da dabbobinsu, ba sa dawowa sai liƙis. Amma ga Alhamis nan zaune ba mai amfani da ita: ba makarantar allo, yawancin Islamiyyu suna hutu, ƙwallon Turai ta ranar kuma sai dare. A idar da la'asar a take wasa, a tashi da sauran rana, kowa ya yi alwala a gidansu. In baƙi sun makara, a rage minti, kada a ci lokacin magariba. Ya yi shiru, sannan ya ce shekara shida yana wannan abu bai taɓa tunanin Alhamis ba, don shi jadawalin Turawa yake kwaikwayo.

Haka ma watannin shekara. Da damina kowa na gida, amma wa ke da lokacin ƙwallo ana noman fari da maimai? Ga shi in ƙwallo ta faɗa gonar gyaɗar wani, yara goma suka bi ta, an yi abokin gaba na shekara. Da rani kuma fili ya samu, amma samari sun tafi cin rani Kano da Abuja da Legas, wasu suna lambu a bakin madatsar Thomas ko Watari. Lokacin da gari yake cike, ciki a ƙoshe, aljihu da ɗan nauyi, shi ne daga gama girbin dawa da roron wake zuwa tsakiyar hunturu, sai kuma kwanakin Salla ƙarama da babba da 'yan birni ke dawowa. A nan ya kamata a zuba manyan wasanni. Kakanninmu sun san wannan sarai, shi ya sa dambe da kokawa da kaka ake yin su.

Tunda na ambaci dambe, bari in ɗan tsaya a kansa. Me ya sa fagen dambe bai taɓa rasa mutane ba? Saboda ba a shiga fage a ɓoye. Akwai makaɗi, akwai kirari, kowa ya san wane ne, ɗan wane gari ne, wa ya kayar bara. Har yau ana ambaton Shago saboda Ɗan Anace ya yi masa waƙa. Yaranmu kuwa sun bi sun laƙaba wa kansu sunayen Turawa, wannan Messi, wancan Ronaldo. Tsohuwar da ke ɗaki in aka ce mata "Messi ya ci ƙwallo" me ya dame ta? Amma a ce mata jikan wance na gidan maƙera ne ya ci, yanzu za ta gyara zama ta ce, "Wannan ɗan ƙanƙanin? Ai ni na yi masa wankan jego!" Na ce da su a samu yaro mai baki, ranar Laraba ya ɗauki sautin murya, ya kira kowane ɗan wasa da sunansa na yanka da gidan da ya fito, ya faɗi da wa za a kara, ƙarfe nawa, a tura a WhatsApp. Ba rubutu ba, murya, don da yawa cikin matanmu ba sa karatun boko amma ba sautin da yake wuce su. Waya ɗaya a gida ta isa, kafin dare labari ya zaga ta kan katanga.

A nan wani abin dariya ya taso. Matar yayana, uwar yaron da ya gayyace ni, ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yabe shi a gaban mutane. Da na ba ta labarin yadda ya tare wata ƙwallo da ka, sai ta kau da kai ta ce, "Shi ya sani," amma na ga tana murmushi tana gyara wutar murhu. Kunyar ɗan fari ba za ta bar irinsu su yi tallan 'ya'yansu ba, kuma matan aure a ƙauyukanmu ba fita kallo za su yi ba, ni ma ban ce su fita ba. Amma gwaggo ba ta da wannan kunyar. Kaka kuwa ai abokiyar wasa ce, ba mai hana ta fita, ba saurayin da zai iya ɗura ashar tana zaune. A Turkiyya a 2011, bayan magoya bayan Fenerbahce sun tayar da tarzoma, an hana maza shiga wani wasan ƙungiyar, aka ce mata da ƙananan yara kaɗai, sama da 41,000 suka cika filin. Mu ba mu kai can ba. Tabarma biyu a gindin ɗorawa da tsofaffi biyar sun ishe mu 'yan sintiri.

Sai maganar sana'a, wadda na san ita za ta fi jan hankalin wasunmu. Fili in ya cika kasuwa ce: awara, ƙosai, dafaffiyar gyaɗa, zoɓo, kunun aya, ɗanwake. Matar da ta sayar da robar awara guda ranar wasa ba sai an roƙe ta ta bar yara su je ba, ita za ta riƙa tambayar yaushe ne na gaba. Sai dai a nan ina da sharaɗi, kuma na faɗa da babbar murya: kada a mayar da bakin fili dandalin 'yan mata masu talla. Budurwa da faranti a tsakiyar samari ɗari, ga magariba na kawo kai, ba da ni ba. Kayan su zauna wuri ɗaya kusa da tsofaffin nan, yara maza su riƙa kaiwa, usur ɗin tashi na kaɗawa a kwashe.

Kuɗin ƙungiya kuma, na ce su daina yawo da takarda shago-shago kamar masu bara. Da kaka ba gidan da zai gagara ba da kwanon gero ko na wake. A tara, a auna a gaban mai unguwa, a sayar, a faɗi abin da aka samu da abin da aka saya a cikin sautin nan na ranar Laraba. Wanda ya ba da kwano ɗaya zai zo ya ga ƙwallon da aka saya da geronsa.

Akwai wadda ta ce min, "Ke dai kina ƙara hure musu kunne ne, kowa ya ajiye karatu da gona yana mafarkin Turai." Wannan tsoro ne na gaskiya, ni ma ina da shi. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, ya tafi Holan, ya ci Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014, ya ci Iceland biyu a 2018. Amma shi ɗaya ne cikin dubbai, kuma 'yan damfara masu cewa a sayar da gona a kawo kuɗin biza suna nan suna farautar iyaye. Duk wanda ya ce ki biya a kai ɗanki gwaji waje, ki riƙe jakarki da kyau. Sai dai ni a ganina, yaron da garinsu ke tafa masa ranar Alhamis ya fi wuyar ruɗuwa a kan wanda yake ganin ba wanda ya san da zamansa sai ya tsallaka ruwa. Kuma in mu ne muka cika filin, muna da bakin cewa wanda bai je makaranta ba, ko ya bar uban shi kaɗai a gona, koci ya ajiye shi a benci. Malamin ya amince da wannan tun kafin in rufe baki.

Ranar Alhamis da ta wuce suka yi wasan farko a sabon tsari. Ina Kano, sai da daddare ɗan yayan nawa ya turo min murya, yana haki kamar yanzu ya fito daga fili. Ya ce ya ƙirga ya kai 70 ya ɓace, har liman ya tsaya ya ga rabin lokaci, awarar matar kawu ta ƙare tun kafin a juya. An ci su 3 da nema. Kuma mutum ɗaya tak aka samu da laifin zagin alƙalin wasa a ranar: Inna, kakarsa, da ta ga an yi wa jikanta ƙafa ba a busa ba. Sai da mai unguwa da kansa ya je ya ba ta haƙuri.

Maganar shaguna tana nan ba ta mutu ba, an ce bayan an gama sussuka za a zauna a ƙofar dagaci. Golansu kuma sati mai zuwa zai hau mota zuwa Legas cin rani, har yanzu ba a samu wanda zai tsaya a raga ba. In akwai wadda garinsu suka taɓa ƙwato filin yara daga masu son yankawa, don Allah ta ba mu labarin yadda suka yi, zan kai wa yayana kafin ranar zaman.